Bangaskiya a Bakin Mudu

'Yan'uwa masu bi, ran Lahadi dukanmu muna da kyaun gani. Mun yi wanka, mun sa riga mai tsabta, mun ɗauki Littafi Mai Tsarki, mun zauna a ɗakin sujada da ladabi. Amma Lahadi rana ɗaya ce cikin bakwai. Sauran shidan fa? A cikinsu akwai ranar kasuwa, ita ce muke so mu yi magana a kanta a wannan wata.

Bari mu ɗauki misali da Fakku, a ƙasar Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato, wajen da jihar ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya. Gero da dawa da masara da wake su ne abincinsu, su ne kuma kuɗinsu. Da kaka ta yi, hatsi ya cika kasuwannin ƙauye, 'yan kasuwa su zo su saya, su bi da shi babbar hanyar da ta ratsa Tambuwal, wasu su nufi Jega, wasu su nufi Sakkwato. Da damina ta yi tsaka kuwa, rumbuna sun yi ƙasa. Wanda ya sayar da arha a watan Nuwamba, shi ne zai komo ya saya da tsada a watan Agusta. Tsakanin waɗannan watanni biyu ake gane halin mutum.

Tambayarmu ita ce: mai bi da yake awo, ko yake ajiyar hatsi, ko yake ba da bashi, ya halatta ya yi yadda ya ga ana yi? In kuwa ya ƙi, wa zai biya masa hasararsa?

Wa'azin da maƙwabci yake ji

Masu bi ba su da yawa a wannan kusurwa ta ƙasar Sakkwato. Maƙwabcinmu Musulmi ne. Ba zai shiga ɗakin sujadarmu ba, ba zai ji wa'azin fasto ba. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa tun 1932, amma mai yiwuwa bai taɓa buɗe shi ba. Abin da yake gani shi ne mudunmu. Da shi yake auna Almasihunmu.

Wannan ba sabon abu ba ne. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Sa'an da ƙofa ta buɗe a shekarun 1930, ta wurin kutare ta buɗe. Aka yarda wa mishan SIM su kula da masu ciwon kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina. Mutane suka fara ganin hannun da yake wanke gyambo, sa'an nan suka saurari bakin da yake magana. Har yau haka abin yake. Hannu ne yake buɗe wa baki hanya, shi ne kuma yake rufe ta.

Kada kuwa mu yi tsammani maƙwabcinmu bai san daidai ba. Malamansa suna yi masa wa'azi a kan tauye mudu tun yana yaro, ya kuma san laifi ne babba. Saboda haka in ya ga Kirista yana tauye mudu, ba zai ce addininsu ya yarda musu ba. Zai ce, ashe duk ɗaya muke, sai dai su sun fi mu yawan waƙa.

Mudu biyu

Mu fara da abin da ya fi sauƙin ganewa. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar awo ya san dabarun. Akwai mudun saye mai faɗi, akwai na sayarwa wanda aka bubbuge gindinsa ya shiga ciki. In mai awo yana saye, sai ya yi tozo, ya tare da hannu har hatsi ya hau damtsensa. In yana sayarwa, sai hannun ya yi sauri, tozon ya rushe kafin ya kai bakin buhu. Akwai mai gauraya tsohon gero da sabo, akwai mai barin tsakuwa da ƙaiƙayi, akwai mai sa kyakkyawan wake a bakin buhu ya ɓoye mai huji a ƙasa. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan muni, wato mai zuba wa wake maganin ƙwari mai ƙarfi, ya kai shi kasuwa bai faɗa wa kowa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Su sun iya ƙi. Yaron da uwarsa ta dafa masa waken nan bai iya ƙi ba.

Littafi bai bar mu cikin shakka ba. A Kubawar Shari'a 25:13-16 Musa ya hana mutanen Allah ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jaka ko a gida. Misalai 11:1, wato littafin da sabon juyi ya kira Karin Magana, ya nuna Allah yana ƙyamar ma'aunin zamba. Annabi Amos, a sura 8, ya ba da labarin 'yan kasuwan da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce domin su koma su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar har da sharar hatsi. Mu lura, mutanen nan suna kiyaye ranar hutu. Masu zuwa sujada ne, kamarmu.

Wani zai ce, "Ai kowa yana yi, mai saye kuma ya sani. In an san abu, ba zamba ba ne, ciniki ne." Wannan magana tana da ɗan kama da gaskiya, amma mu gwada ta. In mai saye ya sani ya kuma yarda, me ya sa muke ɓoye ƙaramin mudun a bayan buhu? Za mu iya ajiye su biyu a gabansa mu ce, da wannan na saya, da wannan zan sayar maka? Abin da ba za mu iya yi a fili ba, zuciyarmu ta riga ta yanke masa hukunci.

Sa'an nan mu duba wanda ake cuta. Babban ɗan kasuwa ba ya cutuwa, gama da tiyarsa yake zuwa, da yaransa masu ido. Wanda ake cuta shi ne yaron da aka aika, da tsohuwar da idonta ya dushe, da matar da mijinta ya mutu, da mutumin da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, yana sayen rabin mudu domin tuwon dare. A shekarun nan irin waɗannan sun yi yawa a Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Mu yi lissafi kaɗan. In mai awo yana rage kashi 1 cikin 20 a kowane mudu, ya kuwa auna mudu 100 a ranar kasuwa, ya tafi gida da mudu 5 na mutane. In kasuwa tana ci mako mako, a shekara ya tara mudu 260. Da ya shiga rumbun maƙwabci da dare ya ɗebi wannan, da an kira shi ɓarawo. Don ya ɗebe shi da rana, kaɗan kaɗan, sunan bai sake ba.

Rumbu

Yanzu ga wadda ta fi wuya. Mai bi yana da 'yan kuɗi. Da kaka ya sayi buhun dawa 20, ya ajiye, yana jira damina ta yi ya sayar da riba. Bai tauye mudu ba, bai yi wa kowa ƙarya ba. Ya yi zunubi?

Kada mu yi saurin cewa i. In kowa ya sayar da kaka, ba wanda ya ajiye, me za a ci a watan Agusta? Mai ajiya yana yi wa gari aiki. Ya ɗaure kuɗinsa wata takwas, ya yi fama da ƙwari da ɓera da yoyon ɗaki, yana kuma iya yin hasara. A 2025 farashin hatsi ya faɗi a arewacin Nijeriya, waɗansu da suka saya da tsada suka sayar ƙasa da abin da suka biya. Wanda ya ɗauki wannan kasada ya cancanci ribarsa. Yusufu kansa mai ajiyar hatsi ne. Farawa 41 ta nuna ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar har shekara bakwai, ta haka aka ceci mutane da yawa.

Amma kada kuma mu yi saurin cewa a'a. Misalai 11:26 ya nuna jama'a suna la'antar mai riƙe hatsi, suna sa wa mai sayarwa albarka. Yesu kuma, a Luka 12, ya ba da misalin mai arzikin da ya yi niyyar rushe rumbunansa domin ya gina manya, a daren nan aka karɓi ransa. To, ina bambanci tsakanin Yusufu da wannan mutum? Dukansu biyu sun cika rumbu. Bambancin yana wajen buɗewa. Sa'an da yunwa ta zo, Yusufu ya buɗe. Mai arzikin nan kuwa ko sau ɗaya bai ambaci wani ba, sai kansa.

Mun ga wannan da idonmu a ƙasar Hausa. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a Nijar, fara kuma ta yi ɓarna. A 2005 yunwa ta tsananta, ta fi kuwa tsanani a jihar Maradi, wadda take cibiyar noma da ciniki. Abin mamaki, hatsi bai ƙare a kasuwa ba. Yana nan a buhuna, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu ciwon yunwa a Nijar a shekarar nan. Ashe yaro yana iya ramewa har ya mutu a garin da shaguna suke cike.

A nan Nijeriya ma, bayan an cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, abinci ya bi shi. A tsakiyar 2024 tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a kan ta shekarar da ta gabata, har a watan Agusta mutane suka fita tituna suna kukan yunwa. A irin wannan lokaci mai rumbu yana samun kuɗi yana kwance. Kowane mako da ya ƙi buɗewa, ribarsa tana ƙaruwa.

Ba mu da lambar da za mu ba mai karatu, mu ce riba kaza halal ce, daga nan ta zama zunubi. Amma muna da tambayoyi uku da mutum zai yi wa kansa a gaban Allah. Ta fari, me nake roƙo a zuciyata? In na ji ruwa ya tsaya a watan Yuli, shuka tana ƙonewa, sai na ji wani daɗi a ɓoye domin buhunana za su yi tsada, to rumbun nan ya riga ya cinye ni. Mutum ba ya iya yin addu'ar ruwa ran Lahadi, ya yi fatan fari ran Litinin. Ta biyu, na riga na sami ribar da za ta biya wahalata, ko kuwa ina jiran yunwa ta ƙara matsa mutane? Ta uku, akwai gidan da na sani, da sunansa, wanda ba a hura wuta ba jiya, ni kuwa ɗakina a kulle? In akwai, maganar ta bar kasuwa ta koma tsakanina da maƙwabcina. Yakubu 2:15-16 ya nuna ba amfani mu sallami ɗan'uwa mayunwaci da fatan alheri, hannunsa wofi.

Bashin da ake biya da kaka

Abu na uku shi ne wanda ake kira ba da kaka. Manomi ya rasa abinci ko kuɗin taki a tsakiyar damina. Ya je wurin mai hali, aka ba shi kuɗi kaɗan a kan zai biya da buhu in an girbe, ko kuwa aka ba shi buhu ɗaya a kan zai mayar da biyu. Ya yarda, gama ba shi da wata hanya. Da kaka ta yi, rabin gonarsa na wani ne tun tana tsaye. Baɗi kuma rumbunsa zai ƙare da wuri fiye da bana, ya sake komawa. Ta haka gona takan bar hannun mai ita.

Mai ba da bashi zai ce, "Ban tilasta shi ba, shi ya zo da ƙafarsa. In ban ba shi ba, wa zai ba shi? In kuma gona ba ta yi ba, ni ne da hasara." Akwai gaskiya a ciki. Amma yardar mayunwaci ba irin yardar mai ƙoshi ba ce. Wanda 'ya'yansa suke kuka zai sa hannu a kan kome. A Nehemiya 5 Yahudawa sun jinginar da gonakinsu domin su sami hatsi a lokacin yunwa, 'yan'uwansu ne kuwa suka karɓa. Nehemiya bai tambaya ko an yi yarjejeniya ba. Ya tara jama'a, ya tsauta wa manya, ya sa suka mayar da gonakin. Fitowa 22:25 kuma ta hana karɓar ruwa a kan matalauci.

Ga abin da muke gani daidai ne. In ciniki ne tsakanin masu hali biyu, a yi sharaɗi a fili, a gaban shaidu, riba da hasara duka a raba. In kuwa abinci ne domin mayunwaci, buhu ɗaya a mayar da buhu ɗaya. Wanda ba ya iya ba da buhu a kan haka, ya ba da mudu biyar kyauta, ya fi masa.

Wa zai biya hasarar?

Ba za mu ruɗi kowa ba. Mai bin da ya yi haka zai rasa kuɗi. Abokinsa na rumfa zai riga shi sayen babur, zai riga shi rufa ɗaki da kwano. Mai yiwuwa matarsa ta tambaye shi ko shi kaɗai ne mai tsoron Allah a kasuwar. Gaskiya ne, sau da yawa mai gaskiya yakan sami masu saye da suke neman rumfarsa, uwaye su aiki yaransu wurinsa ba tare da fargaba ba. Amma wannan ba alkawari ba ne. Akwai masu gaskiya da suka tsufa da talauci. In muna riƙe gaskiya domin tana kawo ciniki, to ran da ta daina kawowa za mu yar da ita.

Dalilinmu dabam ne. Mu mutane ne da aka auna wa alheri da mudun da ba mu biya ba. Da Allah ya auna mana daidai da aikinmu, da ba wanda ya tsira. Ya yafe mana bashin da ba mu iya biya ta wurin mutuwar Ɗansa. Wanda ya gane wannan da gaske, hannunsa ba ya iya rawa a bakin mudun gwauruwa. Yesu kuma ya gargaɗe mu a Luka 6:38, cewa ma'aunin da muka yi wa mutane aiki da shi, shi za a ɗauko mana. Mudun da muke ɓoyewa a bayan buhu yana jiranmu a gaba.

Sai dai mu yi hankali da girman kai. Kada mu cika mudu domin a ce Kirista sun fi kowa. A kasuwannin nan akwai Musulmi masu tsoron Allah waɗanda awonsu ya fi na waɗansunmu cika, ya kamata mu ji kunya mu koya daga gare su. Gaskiyar da take busa wa kanta ƙaho ta riga ta karɓi ladanta.

Aikin ekklesiya

Wannan kaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In ekklesiya tana so 'ya'yanta su tsaya, sai ta tsaya tare da su. Dattawa sukan hori mai sha da mai zina, daidai ne. Amma yaushe muka ji an kira mutum gaban dattawa saboda mudunsa? Sau da yawa mai ba da kaka shi ne mai babban baiko ran godiyar kaka, mu kuwa mu tafa masa, alhali buhun da ya kawo daga gonar ɗan'uwan da yake zaune a bayansa ya fito.

Akwai abin da ko ƙaramar ekklesiya za ta iya yi. Hatsin da aka kawo na godiya, kada a sayar da shi duka da kaka. A ajiye wani kashi a hannun amintattu biyu ko uku, a rubuta a littafi, a karanta lissafin a gaban jama'a. In damina ta yi tsaka a buɗe, a ranta wa mabukata mudu a bakin mudu, a ba gwauraye da marayu kyauta. Kada a tambayi mayunwaci addininsa. Masu bi na Antakiya sun yi irin wannan a zamanin Kalaudiyas, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa domin 'yan'uwan da yunwa ta kama a Yahudiya, kamar yadda Ayyukan Manzanni 11:27-30 ya nuna.

Wanda kuwa ya karanta wannan, zuciyarsa ta kāshe shi, kada ya fid da rai. Zakka ma macuci ne. Ran da Yesu ya shiga gidansa, bai tsaya ga kuka ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Tuba a kan kuɗi ba ta cika sai an mayar. In mun san wanda muka cuta, mu je mu same shi, ko da kunya. In ba mu san su ba saboda yawansu, mu ƙara wa matalautan da suke zuwa rumfarmu gyara, har zuciyarmu ta shaida mun biya.

'Yan'uwa, kafin kasuwa ta sake ci, kowa ya shiga ɗakinsa ya fito da mudunsa. In biyu ne, ya fasa ɗaya. Ya duba rumbunsa, ya tuna da gidan da ba hayaƙi. Ya duba littafin bashinsa, ya ga sunan wanda ya kamata a sassauta wa. Sa'an nan ya zo sujada ran Lahadi ya raira waƙa da dukan muryarsa.

Ubangiji ya ba mu zuciya ɗaya da mudu ɗaya. Amin.